Wata Takwas Babu Manja

Papa Wambo ya shekara arba'in yana tuƙa tasi a Duwala, da guminsa ya tura 'ya'yansa uku Faransa. Su kuwa suka saka masa da gado a gidan tsofaffi.

Tun watan jiya abinci ya fita ransa. Ya daina fita wasan ludo, sai dai ya zauna yana shafa kansa.

"Papa, yau ma gwazar nan hucewa za ta yi?" in ji Solanj mai jinyarsa. "Ko budurwa ce ta yaudare ka?"

Bai ko murmusa ba. A garinsu Baham, magaji ne ke tono ƙoƙon kan mahaifinsa, ya ajiye a ɗaki yana zuba masa manja da gishiri. Shi bai taɓa fashi ba. Yanzu ɗakin na kulle, ɗan da ya zaɓa ya gaje shi kuma ya ce masa a waya wai wannan ƙauyanci ne.

"'Yata," ya ce, "wata takwas ke nan babana bai ga ko ɗigon manja ba. Da wane bakin zan ci?"