Ni Na Ce Akwai Guba a Bututun Haruna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka sa ƙanena Haruna a ƙasa a Umdurman, kuma kafin in ce komai a kansa bari in fara da kaina: ni wawa ne. Ba yau na fara ba. Aji biyu na yi a ƙauyenmu na yankin Jazira, kudu da Khartum, malamin ya ce wa babanmu gonar auduga ta fi makaranta buƙata ta, babanmu kuwa bai yi musu ba. Tun daga nan ban san wata sana'a ba sai haƙa: rijiya, masai, harsashin gini. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. To ni mafi zurfin ramin da na taɓa ginawa ba da cebur na gina shi ba, da baki ne, ina zaune a benci wajen mai shayi, kuma ƙanena ne ya faɗa.

Ba zan yi wa Haruna kwalliya don ya mutu ba. Mutumin ba shi da daɗin zama. Ya taɓa zuwa gaisuwar mutuwa, ana addu'a shi yana bin tsagar bango da ido, ana shafawa ya ce wa mai gidan ya sare darbejiyar da ke gindin katanga. Gaskiya ya faɗa, amma wa ya tambaye shi? Haka yake. Shi ne ya yi karatun da ban yi ba, har ya haye teku ya dawo ana ce masa Diktor. Da na tambaye shi me ya karanto, ya ce laka. Na yi dariya har na ƙware. Na ce ka baro Jazira inda laka take kai wa gwiwa, ka hau jirgi ka je neman laka?

Bai yi dariya ba, bayani ya shiga yi. Ya ce a can suna samun lantarki daga nukiliya, kuma abin da ke saura bayan an gama guba ce da ba ta lafawa sai bayan dubban shekaru. Suna neman inda za su ajiye ta. Sai suka haƙa rami a kwance can ƙarƙashin ƙasa, mai faɗin da mota za ta bi, a tsakiyar laka, saboda laka ba ta barin ruwa ya ratsa ta, in ma ta tsage, da ta sha danshi sai ta kumbura ta rufe tsagar da kanta. Aikinsa shi ne ya ɗumama lakar, ya matse ta, ya jiƙa ta, ya ga halinta. Ya ce wannan kumburin da ya sa take da amfani a can, shi ne yake ɗaga gidajen Khartum da damina ya sauke su da rani har su tsage.

Wannan kam na san shi da hannuna tun kafin ya san shi da littafi. Ni na koya masa sa ƙasa a baki: in ta yi ƙaras-ƙaras a haƙori da yashi, in ta yi santsi kamar man shanu to baƙar laka ce, ka ji tsoronta. Sai ya ɗauke ni aiki. Ina haƙa masa ramuka a Soba, gefen Khartum, shi kuma ya buga bututun ƙarfe a cikin lakar, ya zaro shi cike, ya liƙe bakinsa da narkakken kyandir don kada danshin ya fita, ya yi rubutun boko da jan fenti a jiki. Wurin aikinsu ba fili, sai yake jera su a ƙuryar ɗakin gidansa a unguwarmu ta Hajj Yusuf, ya hana kowa buɗewa.

Wata safiya Hawwa mai shayi ta ce, “Usman, me ƙanen nan naka yake ɓoyewa a ƙurya?”

Benci cike yake, ni kuwa in na ga benci cike bakina ba ya rufuwa. Na sassauta murya na ce, “Kin san abin da ya karanto? Binne guba. Kina zaton kyauta aka koya masa? Ai kasonsa aka ba shi ya kawo gida.”

Aka fashe da dariya, wani ya saya mini shayi. Kashegari na ƙara da cewa kaza ta shiga ɗakin ta fito ba gashi. Sau uku na faɗa a wannan makon, na manta. Amma magana zarar bunu ce.

A shekarar ne kwamitin masallacin unguwa ya tashi faɗaɗa gini, ana so a gama kafin azumi. Shugabansu Hajj Abakar, tsohon magini, rabin gidajen layinmu shi ya gina su, rabin nan kuwa duk sun tsage, amma ba mai iya faɗa. Haruna ya kawo kansa ba a kira shi ba. Na haƙa masa ramuka biyu, ya duba, ya tsaya bayan sallar La'asar ya ce dole a zura ginshiƙai su wuce ƙasar da ke motsi, kuma a janye wurin alwala daga jikin bango. Ya faɗe shi yadda ya saba, babu ko ɗan sukari.

Hajj Abakar ya gyara rawani ya ce, “Ya Diktor, mun ji. Amma kafin ka koya mana gini, gaya wa jama'a abin da ke cikin bututun nan naka.”

“Ƙasa ce, ya Hajj.”

“Ƙasa ake liƙe wa baki a kulle a ɗaki? Mu ba yara ba ne.”

Ina sahu na uku. Abin da ya kamace ni bai fi kalma shida ba: jama'a, ni na ƙirƙira, wasa ne. Sai na sunkuya ina duba yatsun ƙafata kamar ranar na fara ganinsu. Haruna ya fita, ya dawo da bututu guda, ya fasa shi a ƙofar masallaci. Ku zo ku ga masu gemu suna gudu, wani har ya bar takalmi. Ya ɗebi lakar ya sa a baki, yadda na koya masa. Aka ce ai ya sha maganinta.

Aka yi gini yadda Hajj Abakar ya so, aka gama kafin azumi. Kun san al'adarmu, kowane gida ya fito da tire a shimfiɗa tabarma a titi a sha ruwa tare. Tiren gidan Haruna haka ya riƙa komawa ba a taɓa ba. Matarsa Zainab ta yi kunu, ta yi asida, tuwonmu na nan, dare talatin, ni da shi kaɗai muke sa hannu. A damina ta biyu bango ya tsage daga wurin alwala har gaban liman. Na ce yanzu za su gane. Ina! Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: cewa aka yi gubarsa ce ta ruɓar da ƙasar unguwa. Haruna ya kulle gidan da ya gina da hannunsa ya koma haya a Umdurman, can hayin kogi. Da na ce me ya sa can, ya ce, “Can ƙasa dutse ce, Yaya. Inda ka bar ta nan za ka same ta.”

Shekara uku ya yi a can, hawan jini ya ɗauke shi. Ba zan ce mu muka kashe shi ba, ajali na Allah ne. Amma mutum biyar ne suka haye kogi daga unguwarmu zuwa jana'iza, na ƙirga su. Ni na haƙa kabarin, ƙasar ta yi tauri har hannuna ya fashe, na ji daɗin zafin. Bai taɓa tambayata daga ina maganar ta fito ba, ni kuma ban taɓa gaya masa ba.

Sai yaƙi ya zo ya watsa mu, kowa ya kama gabansa. Da muka dawo, bangon masallaci yana ƙasa. Masu son a tausaya musu suna cewa bom ne. Ƙarya suke, na duba da idona, ko harsashi bai taɓa shi ba. Famfon alwala ne ya fashe, damina biyu ta wuce ba mai liƙe tsaga, laka ta gama aikinta. Gidan Haruna kuwa ɓarayi sun cire ƙofofi da wayoyin wuta, har bututun da ya bari sun kwashe sun sayar a ƙarfen nauyi, ban ji an ce gashin wani ya zube ba. Amma bangon yana tsaye, babu tsagar da allura za ta shiga.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Khartum ta yau. Ba zai ce ai na gaya muku ba, bai iya wannan jin daɗin ba. Zai tsuguna gaban tsaga ya zaro ɗan ma'auninsa. Zai ga mutane suna gaggawar ɗora bulo a kan tsohon harsashi saboda sun gaji da kwana a gidan wasu, ya ce musu za ta sake faɗuwa, su kuma su tsane shi. Wanda ya saba tunanin abin da zai dawwama shekara dubbai ba ya jituwa da masu son a gama kafin azumi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami da wannan hannun nawa mai kama da icce shi ne kwamiti. Su ɗin dai, waɗanda suka rage. Sun aika wa Zainab suna roƙon littafin da Haruna ya zana harsashin masallaci a ciki, kuma wai za su kafa allo a ƙofa da sunansa: ɗan unguwa, abin alfaharinmu. Ihu bayan hari! Bakin da ya ƙi kununsa shi ne yau yake lasar sunansa. Zainab ta ba su littafin, ta ce in bango ya faɗi a kan masu sujada zai faɗi, ba a kan kwamiti kaɗai ba. Ta fi ni hali. Da ni ne sai sun zo sun ci asida a tirenta a tsakar titi tukuna.

In an auna, abin da ya rage na Haruna ba shi da yawa: littafi guda, gida marar ƙofa da ya ƙi faɗuwa, da gaskiyar da ya faɗa ba daɗi, wadda ƙasa da kanta ta tsaya masa shaida. Allo bai ƙara masa komai. Abin da nake nema masa shi ne a wanke sunansa da baki, a wurin da aka ɓata shi. Shi ya sa makon jiya na je wurin Hajj Abakar. Ya tsufa, ido ɗaya ya tafi, yana kishingiɗe a inuwar katangarsa mai tsaga. Na ce, “Ya Hajj, ranar Juma'a ina so in tashi gaban jama'a. Maganar gubar nan ni na ƙirƙire ta wajen Hawwa. Wasa nake, ku kuka ɗauka gaske.”

Ya dube ni da idon da ya rage. Sai ya yi 'yar dariya.

“Kai Usman, tun yaushe aka taɓa yarda da maganarka a unguwar nan? Duk mun san wasa kake. Dutsen jifa muke nema, kai ka miƙo mana.”