Disket Mai Lamba Shida

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Talata, mu huɗu ne a shagon wani mai gyaran kwamfuta a bayan kasuwar Jimeta. Akwai ni. Akwai tsohon hedimasta, wanda ya haura shekara saba'in, yana zaune a kan benci da sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Akwai tsohuwar ɗalibarsa, mace mai shekara arba'in da 'yan kai, wadda ke aikin shara da wanke kayan aiki a wani ƙaramin asibiti a Bako. Na huɗu shi ne mai shagon, ɗan kudu ne amma haifaffen Jimeta. A kan tebur akwai gwangwanin biskit, a cikinsa akwai disket tara, ƙananan faya-fayan nan masu kusurwa huɗu da muke ajiye rubutun kwamfuta a ciki kafin zuwan filash.

Bari in faɗi abin da ya tara mu tun daga tushe.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba. Na gama firamare, na yi shekara biyu a makarantar koyon tafireta, na yi aikin buga takardu a wani ofishi a Yola har na yi ritaya. Kwamfuta ta same ni a kan aiki, na koye ta kamar yadda na koyi tafireta, wato mataki bayan mataki. Da yamma ina buɗe ɗan shagona na buga takardu a Damilu. A can hedimasta ya same ni, shekara ashirin da wani abu ke nan. Mutumin kudancin jihar nan ne, amma a arewacinta aka ba shi makaranta. Ya zo dogon hutu da rajistar makarantar a cikin buhu, gara ta fara cin gefenta. Ya ce in buga masa sunan duk wanda ya taɓa gama makarantar, da lambarsa, da sunan ubansa, da shekarar da ya fita. Na yi mako uku ina bugawa. Na fitar masa da kwafi ɗaya a takarda, na zuba aikin a disket tara, na rubuta lamba ɗaya zuwa tara a goshinsu da hannuna, kowanne da shekarun da ke cikinsa.

Da masu tayar da ƙayar baya suka shiga garin da makarantar take, sun ƙone ta. Rajista ta ƙone, kwafin da na buga ya ƙone. Hedimasta ya fito ta kan duwatsu da ƙafa. Matar nan ita ma ta fito da 'ya'yanta da zanin jikinta, takardunta suna cikin ɗaki, fayil ɗinta yana ofishin da shi ma bai tsira ba. Daga baya aka mayar da aikinta Yola, ta ci gaba da shararta ba wanda ya tambaye ta komai. Sai bana aka zo tantance ma'aikata. Aka ce kowa ya kawo takardar shaidar karatunsa. Ita takardar firamare ce kawai take da ita a duniya, kuma ta zama toka. Aka ce ta kawo shaida daga rajistar makaranta, in ba haka ba a cire sunanta daga aiki. Hedimasta ya rubuta mata wasiƙa, aka ce ya yi ritaya, ba shi da hatimi, wasiƙarsa kaɗai ba ta isa ba. A nan ne ya tuna gwangwanin biskit da ya bari a gidan ƙanensa a Demsawo, a cikin akwati, a ɗakin ajiya wanda bangonsa ke jiƙewa duk damina. Ya ɗauko shi, suka zo wurina shi da ita.

Neman injin da zai karanta disket ya ci mana mako biyu. Duk shagon da muka shiga sai a juya abin a hannu ana dariya. A ƙarshe muka samu wannan mai gyara, yana da wata tsohuwar kwamfuta da har yanzu take da bakin disket. A kanta yake zama idan zai ci abinci. Ya kakkaɓe ta, ya kwana biyu yana lallashinta har ta tashi, ya ce mu zo Talata ƙarfe goma.

Da muka zauna ya leƙa gwangwanin, ya sunsuna, ya yamutsa fuska. Ya ce, "Oga, bari in je kemis in sayo sifirit da auduga. Kada a sa komai a injin nan sai na dawo."

Na ce, "An ce ƙarfe goma. Yanzu goma da ashirin."

Ya ce, "Minti biyar, Oga. Minti biyar kawai."

Ya fita. Minti biyar suka wuce, goma suka wuce. Kwamfuta tana kunne, janareta yana ci. Na ce a raina, na sa disket a inji tun wannan mutumin yana makaranta, babu abin da zai koya mini. Na jawo kujera, na jera disket ɗin a kan tebur daga ɗaya zuwa tara.

Matar ta miƙa hannu ta taɓa mai lamba shida. Ta ce, "Bappa, shekararmu tana cikin wannan. Ka fara da shi mana, hankalina ya kwanta."

Na ce, "Ba a fara ƙirga daga shida."

Ta ce, "Ai ba ƙirga muka zo yi ba."

Hedimasta ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ƙyale shi, 'yata. Haka yake tun yana da gashi a ka. Ko gobara ta tashi, sai ya jera guga bisa tsawo kafin ya ɗebo ruwa."

Na ce, "Malam, da ban jera maka su ba, da yau ba ka san inda shekararta take ba."

Ya ce, "Wannan kuma gaskiya ne. Ci gaba, Sakatare."

Na sa na ɗaya. Injin ya yi ƙara irin tasa da na sani, ya buɗe. Ga sunaye nan reras kamar jiya na buga su. Na kwashe su zuwa cikin kwamfuta. Na sa na biyu, shi ma ya buɗe. Hedimasta ya matso yana karanta sunayen da ƙarfi, yana faɗin wanda ya zama soja da wadda ta rasu. Na sa na uku. Injin ya yi ta gurnani, ya tsaya, ya sake, sannan ya ce ba ya iya karantawa. Na cire, na ajiye shi a hagu. Na sa na huɗu, shi ma ya ƙi, kuma ƙarar ta canza, ta koma kamar ana kankare ƙasan tukunya.

A nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba, kuma dalilina shi ne wannan. A ofis, idan aka ba ni tarin disket, ba na kai rahoto sai na bi su duka, masu kyau dama, marasa kyau hagu, sannan in rubuta lambobinsu. Haka na yi shekaru, ba a taɓa kama ni da kuskure ba. Don haka na sa na biyar, ya ƙi. Na ɗauki na shida. Matar ta ce, "Bappa, ko mu jira shi?" Na ce saura huɗu in gama zagaye. Na tura shi ciki.

Ƙarar ce ta shigo da mai shagon da gudu, leda a hannunsa. Ya danna maɓalli ya zaro disket ɗin. Sannan ya ɗauki na uku, ya zame ɗan murfin ƙarfen da ke samansa, ya ɗaga shi wajen haske ya ce in duba. Baƙin faifan da ke ciki ya yi fari-fari da fumfuna, kamar tuwon da ya kwana uku. Ya ce injin yana da ɗan kai da ke shafar faifai yana karantawa. Fumfunar na uku ta manne wa ɗan kan nan, ta daskare, duk wanda aka sa bayansa sai ta karce shi.

Ya zame murfin na shida, yana juya faifan da yatsa a hankali. Babu fumfuna ko ɗigo. Tas yake. Sai wani siririn zobe sabo fil da ya zagaye shi, yana ƙyalli.

Ya ce, "Oga, wannan lafiyarsa ƙalau aka kawo shi. Da a ce da shi aka fara, da yanzu kuna hanyar gida."

Matar ta ja bakin mayafinta ta rufe baki.

Aikin da ya biyo baya nasa ne, ni kallo na yi. Ya kwance injin, ya goge kan da sifirit har auduga ta daina baƙi. Ya duba na bakwai da na takwas da na tara a haske kafin ya sa kowanne, duka suka buɗe. Na shida kuwa ya sa wata manhaja da ke bin faifai gaɓa-gaɓa, tana kwashe abin da ta iya, tana tsallake inda ya mutu. Na je na yi azahar na dawo ba ta gama ba. Ƙarfe uku saura kwata ya kira mu.

Shekararta ta fito. Sunan makaranta yana sama, da shekarar, da sunaye daga lamba ɗaya zuwa goma sha bakwai. Daga nan sai tarkacen alamomi marasa ma'ana. Sunaye suka dawo daga lamba ashirin da tara zuwa ƙarshe. Muka bi da yatsa sau uku. Sunanta ba ya sama, ba ya ƙasa. Yana cikin goma sha ɗayan da zoben ya cinye.

Hedimasta ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce, "Sakatare, kai ka buga na farko. Ni na koyar da yarinyar nan, na san tana ciki. Sa sunanta a lamba ashirin, a fitar da takarda. Wa aka cuta?"

Na ce, "Ka tabbata ashirin ce lambarta?"

Ya ce, "Ashirin, ashirin da biyu, duk ɗaya ne."

Na ce ba ɗaya ba ne. Idan ashirin ta wani ce, gobe ya fito da takardarsa, an gama da ita, an gama da duk sunayen da muka ceto, domin za a ce jerin na ƙarya ne. Kuma ba zan buga abu da hannuna in ce daga disket ya fito ba.

Matar ta sauke mayafin daga bakinta. Ta ce, "Bappa, kai ka ɓata, kai ne kuma ka ƙi gyarawa. Na roƙe ka sau biyu."

Na ce, "Sau biyu ne. Na ji, kuma ban bi ba."

Ta ce, "To wannan amsar zan kai musu ofis?"

Na ce ni zan kai.

Washegari na buga takarda shafi ɗaya. Na rubuta cewa ni na buga rajistar, na faɗi inda aka ajiye disket ɗin, na faɗi cewa mai lamba shida ya zo da lafiyarsa kuma ni na lalata shi, na bayyana yadda aka yi. Na sa hannu, hedimasta ya sa, mai gyara ya sa. Muka haɗa da jerin kamar yadda ya fito, da tarkacensa da komai. Ranar Alhamis ƙarfe tara muka shiga ofishin masu tantancewa mu uku. Jami'in ya karanta har ƙarshe, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce tun da yake aiki ba a taɓa kawo masa takardar da mutum ya kai ƙarar kansa ba. Ya shiga ciki ya fito. Ya ce za su karɓi jerin, amma tunda sunanta ba ya ciki, sai ta kawo mutum biyu waɗanda sunansu ya fito, kowanne da katin shaidarsa, su rantse cewa aji ɗaya suka gama da ita. Ya ba mu zuwa ƙarshen watan gobe.

Mun samu ɗaya. Tela ne a Jimeta, lambarsa tara, yana ganinta ya kira ta da sunan tsokanar da suke kiranta a aji. Ya riga ya je ya rantse. Na biyun ne ya gagara. Mun bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun rasu a rikicin, wasu suna Kamaru, wasu an ce Gombe ko Taraba, ba mai lambar wayarsu. Matan sun yi aure, ba a san su da sunan rajista ba. Ita tana zuwa aikinta kullum, tana gaishe ni idan mun haɗu, gaisuwar ba ta wuce gaisuwa.

Ba zan sa sunan garin ko na makarantar a nan ba, domin ban nemi izinin masu su ba. Amma wanda ya yi ta zai gane ta. Makaranta ce a gindin dutse a arewacin jihar nan, rijiyarta tana bayan ofishin hedimasta. Ajin da nake nema shi ne wanda iska ta yaye wa rufi ana saura wata biyu su fita, suka ƙarasa aji shida a rumfar zana, suka rubuta jarrabawa a kan gwiwa. Idan kana cikinsu, ko matarka, ko wani da ka taɓa ji yana ba da wannan labari, ina roƙonka ka zo Damilu ka tambayi shagon tsohon mai buga takardu. Ina buɗewa ƙarfe takwas, ina rufewa ƙarfe biyar, ban da Juma'a. Ka zo da katin shaidarka, kuma ka zo kafin ƙarshen watan gobe.