Kwana Tara a Ƙauyen Abokina na Kambodiya

A shekarata ta uku a Kuala Lumpur ina karatun digiri na uku a kan noman shinkafa, muna zaune ni da matata da 'ya'yanmu biyu a wani tsohon bene a unguwar Setapak. Ni mutumin Kura ne, cikin fadamar shinkafa na tashi, gwamnati kuma ta turo ni in yi karatu in koma in koyar. A ɗakin gwajinmu teburina yana manne da na wani ɗan Kambodiya, siriri, mai saurin dariya. Na girme shi da shekara shida, shi ya sa yake kirana da wata kalma ta yarensu mai ma'anar yaya. Da Turanci muke magana, nasa a karye, nawa ma ba a miƙe ba, amma muna fahimtar juna.

A yankinsu akwai wata tsohuwar shinkafa da idan ambaliya ta zo ba ta nutsewa, tsawo take ƙarawa tana bin ruwan. Shi yana nazarin irinta, ni kuma ina son in gwada ko za ta yi a fadamunmu da ruwa yake cinyewa kusan kowace damina. Farfesanmu ya ce mu je can mu ɗebo iri daga hannun manoma. Sai da na yi wata biyu ina zarya kafin bizata ta fito, lokacin nan kuwa an fara maganar wata cuta da ta ɓulla a ƙasar Sin.

"Abban yara, tafiyar nan ba za ta ɗagu ba?" matata ta tambaye ni tana ninke mini kaya.

Na ce, "Kwana tara ne fa."

"To Allah ya tsare. Ga dambun nama da yaji na sa maka, don ban san abin da za ka ci a can ba."

Daga Phnom Penh muka hau bas muka yi kudu, daga nan wani babur mai jan amalanke ya ƙarasa da mu ƙauyen. Rani ne, an gama girbi. Ƙasar a shimfiɗe take kamar faifai, gonaki sun bushe, fararen shanu ramammu suna kiwo a cikin ragowar kara. Abin da ya fi ba ni mamaki giginya, ga ta nan jere a kan iyakokin gonaki har iyakar ganina. Na ce wa abokina ai gida ya kawo ni. Ya yi dariya ya ce in jira in ga abinci tukuna.

Gidansu na katako ne, an ɗora shi a kan dogayen ginshiƙai saboda ruwa. A ƙarƙashinsa ake wuni, nan ake girki, nan manyan randunan ruwan sama suke. Mahaifiyarsa 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai gajeren gashi, tana yawan tari. Ta haɗa tafukanta ta gaishe ni, ta faɗi wata magana.

"Ta ce ka ci shinkafa?" in ji abokina. "Haka muke gaisuwa."

Ashe tun kafin mu zo ya faɗa mata ba na cin alade, sai ta je kasuwa ta sayo sabuwar tukunya da sabon ludayi, ta keɓe su don ni kaɗai. Kwana taran nan kifi da shinkafa na yi ta ci, da miyar wani ruɓaɓɓen kifi mai wari irin na daddawa. Dambun matata mahaifin abokina ne ya cinye rabinsa. Ranar Juma'a kuwa shi ya goya ni a babur ɗinsa zuwa wani ƙauyen Musulmi masunta a bakin kogi, ya zauna a gindin bishiya yana jirana har aka idar da salla.

Tsohon ba mai yawan magana ba ne. Rana ta uku ya kai mu rumbunsa, ya fito da gwangwanaye da kwalabe, kowanne da irin da ke ciki. Ya zuba wani ja a tafin hannuna, ya yi magana a hankali, ɗansa yana fassara mini.

"Ya ce wannan ta kakansa ce. A shekarun da aka yi ta kashe mutane a ƙasar nan, an hana kowa ajiye ko ƙwaya ɗaya. A cikin gora ya ɓoye ta, ya binne."

Na ce, "Mutum nawa ne suke shuka ta yanzu?"

Tsohon ya nuna ƙirjinsa, sannan ya nuna wani gida can nesa. Ya ce samari duk sun tafi birni, 'yan mata suna masana'antar ɗinki, har da 'yarsa. Ruwa kuma ya daina zuwa a kan lokaci. Duk da haka ya raba abin da yake da shi biyu, ya ba mu rabi.

Da safe na raka su ɗakin ibadar ƙauyen. Gini ne mai rufi mai ƙyalli, limamansu suna yafe da zane ruwan goro, kawunansu a aske. Na cire takalmi na tsaya daga bakin ƙofa, su kuma suka shiga suka durƙusa. Babu wanda ya ce mini in shigo, babu kuma wanda ya harare ni. Wani tsohon limami ya tambaya daga ina nake, da aka faɗa masa sai ya ce, ana noman shinkafa a can? Na ce ana yi. Ya gyaɗa kai kamar ya samu abin da yake nema. A bayan ginin akwai wani ɗan ɗaki mai tagar gilashi, cike da ƙasusuwan mutane da ƙoƙon kai, waɗanda aka tono daga gonakin da ke kusa. Mahaifiyar abokina ta ajiye ɗan kwanon shinkafa a gabansa. Abokina ya raɗa mini cewa yayyenta biyu aka tafi da su ba su dawo ba, tana kyautata zaton suna cikin nan. Daga nan muka koma gida.

Ana gobe za mu gama aikin muka hau wani tsauni inda wani tsohon ɗakin ibada na dutse yake. Matakalar ta yi tsawo, sau uku ina zama ina haki. A sama babu kowa sai wata mata mai sayar da ruwan kwakwa. Ginin ya fara zubewa, saiwoyin bishiya sun ratsa bango, ciki duhu da warin jemage. Gumakan da aka sassaƙa yawancinsu ba su da kai, abokina ya ce ɓarayi ne suka sare suka sayar wa baƙi. Muka zauna a kan wani dutse, duk yankin yana ƙarƙashinmu.

"Ka ga koren can, yaya? Masu injin ban-ruwa ne. Duk sauran busasshen nan mu ne."

"To idan ka gama me za ka yi?"

"Dawowa zan yi. Ina so in buɗe ɗakin ajiyar iri, ko ɗan ƙarami ne, kafin tsofaffin nan su ƙare. Shekara ɗaya ta rage mana."

Da muka sauko na yi sallar la'asar a gindin tsaunin, shi kuma yana tsaye da sanda yana kore mini karnuka.

A ranar da za mu taho tarin mahaifiyarsa ya tashi, har da jini. Muka kai ta asibitin lardin aka kwantar da ita. A bakin asibitin ya miƙa mini jakar irin da takardun izini.

"Ka yi gaba ka shuka. Mako biyu zan yi in biyo ka."

Na dawo Kuala Lumpur, aka duba irin aka sake mini shi, na shuka shi duka a rumfar gwajin jami'a, domin abin da muka samo bai kai a rage ba. Ya tsiro kore shar. Kullum sai na ɗauki hoto na aika masa, yana nuna wa mahaifinsa. Kafin mako biyun nasa su cika aka sanar da kulle saboda cutar korona. Aka rufe iyakokin ƙasa, aka rufe jami'a. Mutum ɗaya ake bari ya fita daga kowane gida, shi ma zuwa kedai, wato kanti, ya sayo abinci ya dawo. Na rubuta takardun roƙo, Farfesa ma ya rubuta. Wata rana na lallaɓa har ƙofar jami'ar da takunkumi a fuskata, na yi wa mai gadi bayanin shukar da ke buƙatar ruwa. Ya saurare ni har na gama, ya girgiza kai.

"Tak boleh," ya ce. Wato ba zai yiwu ba.

Akwai famfon da yake ba shukar ruwa da kansa, da shi na riƙa kwantar wa kaina hankali. Ranar da aka ba ni izinin shiga, bayan makonni masu yawa, na tarar famfon ya tsaya tun ba a san yaushe ba. Komai ya bushe ya zama haki. Na bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya ina tona ƙasar da yatsa ko zan samu saiwa mai rai. Ban samu ba.

Kwana huɗu na yi ban kira abokina ba. Matata ce ta ce, "Abban yara, ɓoyewar ba za ta dawo da ita ba. Ka kira bawan Allahn nan." Da na kira, kafin in buɗe baki ya faɗa mini mahaifiyarsa ta rasu. Ba korona ba ce, tsohon ciwon huhu ne. Ƙanwarsa kuma ta dawo gida, an rufe masana'antar. Na yi masa ta'aziyya, sannan na faɗa masa nawa labarin. Ina jin kukan kaji ta wayar.

"Ba komai, yaya. Baba yana da sauran rabin. Bana zai shuka, sai mu sake ɗiba."

A shekarar ruwa ya makara musu. Tsohon ya shuka a makare, shukar tana ƙarama ambaliya ta zo gaba ɗaya cikin kwana biyu, da saurin da ko wannan shinkafar ba za ta iya bi ba. Ya aiko mini hoton gonar, ruwa ne kawai da kawunan giginya. Ɗaya manomin da yake shuka irin, shi ma haka ta same shi.

Daga nan abokina ya fara janyewa. Bizarsa ta ƙare, ba a barin ɗalibai su shigo. Ya yi ƙoƙarin ci gaba ta intanet, yana hawa babur zuwa inda waya take kamawa, muna taro da Farfesa muryarsa tana yankewa. Wata rana ya rubuto cewa ya ajiye karatun, ya samu aikin leburanci a wani gini a birni, domin gida babu abinci. Ni ma wa'adin da aka ba ni ya cika, na nemi ƙari ba a amsa ba. Farfesa ya ce in sauya batu in yi aiki da tsofaffin bayanan wasu. Na mayar da matata da yara gida, na koma unguwar Danau Kota muna haɗa ɗaki da wasu ɗalibai uku. Na yi wata bakwai ina rubutun da ni kaina ban yarda da shi ba, kwamitin jarrabawa ma bai yarda ba.

Saura mako ɗaya in bar ƙasar, waɗanda suke zama tare da abokina a unguwar Wangsa Maju suka kira ni, wai mai gida yana son ɗakin. Na je na tarar da komai yadda ya bar shi: tawul a kan ƙofa, tukunyar dafa shinkafa, littattafai cike da rubutunsa a gefen shafi, da sabon baƙin takalmi a cikin kwali, bai taɓa sawa ba. Na kira shi, ana ta buga guduma a bayansa.

"Me zan yi da kayanka?"

"Ka rabar."

"Littattafan fa? In aiko maka?"

"A'a, yaya. Ka ba wanda zai karanta."

Tukunyar da takalmin nan da nan aka samu masu so. Littattafan na zagaya da su ɗaki-ɗaki, duk ɗaliban benen ba mai karatun noma. Na jera su a ƙasan matakala inda ruwa ba zai taɓa su ba, na tafi.

Yanzu ina koyarwa a kwalejin da na bari, a kan matsayin da na bari. Bayan na dawo na aika wa abokina saƙo sau uku. Na farko ya amsa da cewa mahaifinsa ya sayar da gonar ya koma wurin 'yarsa. Sauran biyun har yau ba su shiga ba.