Bokiti Ɗaya na Ruwan Tafki

Da sanyi ya fara sakin mutane a waccan shekarar, masu tashar da muke ajiye jirgin ruwanmu a Woodbridge, bakin kogin Potomac, suka liƙa takarda a ƙofar ofis. Wai daga yanzu kowane mai jirgi zai riƙa biyan wani sabon kuɗi duk wata, su kuma su sayi injin ruwan zafi, su ɗauki ma'aikaci, a wanke kowane jirgi kafin ya shiga kogi. Dalilinsu shi ne, ciyawar ruwa da wasu ƙananan katantanwa suna bin jirage daga wannan ruwa zuwa wancan, inda suka sauka kuma sai su cinye wurin. Na karanta sau biyu, raina ya ɓaci. Kuɗin wuri muna biya, inshora muna biya, lasisin kamun kifi muna biya, yanzu kuma katantanwa ta zo karɓar nata.

Jirgin ba wani abin a zo a gani ba ne, ɗan kwale-kwale ne na alminiyam mai ƙaramin inji. Mu biyu muka haɗa muka saya, ni da wani dattijo mutumin Kumasi, tsohon direban tasi da ciwon baya ya zaunar da shi. Ni ɗan Yawuri ne, gidanmu masunta ne kaka da kakanni. Kwana biyar ina ɗaga marasa lafiya a gidan kula da tsofaffi, ranar Asabar kaɗai nake komawa mutum. Shi kuwa tun rasuwar matarsa ba ya zuwa ko'ina sai masallaci da wannan jirgi.

Da na karanta masa takardar a waya sai ya ce, "Ɗana, fanshona ka san shi. In wannan bil ya tabbata, ni na fita."

Na ce, "Baba Alhaji, ba zai tabbata ba. Ka bar ni da su."

Ni kaɗai ba zan iya riƙe jirgin ba, shi ma ya sani. Saboda haka na shiga rigimar da ƙarfina. Masu jirage muka haɗa kai, akasarinsu Turawa ne 'yan fansho, da wasu 'yan ƙasashen Latin guda uku. Maganarmu ɗaya: ba mu ƙi a kare kogi ba, amma kowa ya wanke nasa da hannunsa. Me ya sa mai tsabta zai biya kuɗin ƙazantar wani? Ni na bi mutane jirgi jirgi ina karɓar sa hannu, har wani mai jan gemu ya fara ce mini shugaba. Na ji daɗin sunan, ba zan ɓoye ba.

Ranar taron, wata Asabar da hantsi, muka tsaya a filin ajiye jirage. Manajar tashar, wata doguwar mata marar yawan magana, ta saurare mu har muka gama. Na yi jawabi da Turancina mai kaushi, na ce a kan ruwa aka haife ni, babu wanda zai koya mini tsabtar jirgi. Aka tafa mini. Ta ce to, in haka ne a nuna mata jirgi ɗaya da mai shi ya wanke da kansa. In ta same shi tas, za ta kai shawararmu gaban masu tashar.

Ban bari wani ya riga ni ba. Namu yana kan amalanken da muke jan shi da mota a gefe, na goge shi tun Asabar ɗin da ta wuce da muka dawo daga wani tafki can kudu. Ta zagaya shi, ta shafa gindinsa, ta leƙa farfelar inji, ba ta sami ko tsinke ba. Ina ta kallon mutanena ina murmushi. Sai ta durƙusa a baya ta zare matoshin magudana.

Ruwa ya tsiyayo. Ba ɗigo ba, ruwa sosai, kore, da wari. Ta tara tafin hannu, ta miƙe ta nuna wa jama'a: guntayen ciyawa, da wasu 'yan katantanwa biyu kamar ƙwayar gero. Ta tambaye ni ko ruwan sama ne ya shiga. Da na ce e, da wataƙila ta wuce. Amma Baba Alhaji yana tsaye a gefena, kuma a gabansa na ɗebo ruwan nan da bokiti daga tafki na zuba ƙarƙashin daɓen jirgin, kamar yadda nake yi duk ranar da muka fito.

A gidanmu ba a barin jirgi ya bushe. Jirgin katako in rana ta busar da shi sai ya tsattsage, ranar da ka mayar da shi ruwa ya nutse da kai. Mahaifina ya taɓa zane ni saboda na kwalfe nasa ƙarƙaf na bar shi a tudu. Na san alminiyam ba ya tsagewa, wallahi na sani, amma hannuna bai taɓa tsayawa ya tambaye ni ba. Shekara huɗu ina kwasar ruwan wani wuri ina kawowa bakin Potomac da kaina.

Na yi ƙoƙarin bayyana musu wannan, Turancin ya gudu ya bar ni. Mai jan gemu ya cire hularsa ya sake sawa, ya nufi motarsa. Manajar ba ta yi mini dariya ba, ta wanke hannunta kawai, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da zagina ta yi, da na sami inda zan sauke haushina. Kafin wata ya ƙare kuɗin ya tabbata a kan kowa.

Har yau ina ganin kuɗin ya yi yawa, kuma masu tashar sun ci riba a ciki. Sai dai ba ni da bakin faɗa, ko gaisuwata wasu suka daina amsawa.

Asabar ta gaba na je ɗauko Baba Alhaji a gidansa da ke Alexandria kamar kullum. Ya sauko daga bene da silifa, ba hula, ya miƙo mini nasa makullin jirgin ta tagar mota. Na ce zan biya rabonsa.

Ya ce, "Da wane albashi? Kai dai ka ci gaba da fita, kada ka bar shi ya zauna."

Na riƙe jirgin wata uku ni kaɗai, sannan na sayar. Na kai masa kasonsa na ce wani tsohon bashi ne da yake bina na biya, ban gaya masa na sayar ba. Duk Juma'a in mun haɗu a ƙofar masallaci sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, yaya kogi?"

In ce, "Yana nan, Baba."