Ɗingishin Baba Isiyaku

Har gobe ban manta da Talatar da na sallami Baba Isiyaku ba. Tsakiyar shekarun alif ɗari tara da saba'in ne, ina ƙaramin ma'aikaci a sashen gashin ƙashi na wani asibiti nan Kaduna. Ku yaran yanzu na'urori sun sangarta ku. Mu gado ɗaya gare mu, sai sandunan dafawa, sai 'yan buhunan yashi da ake ɗaura wa mutum a ƙafa ya riƙa ɗagawa.

Baba Isiyaku tsohon direban gwamnati ne, Bakatsine, yana zaune a unguwar Badarawa shi kaɗai. Matarsa ta rasu, ɗansa guda yana Legas. Gaɓar ƙugunsa ta dama ce ta cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Ƙa'idar aikin ita ce likitan ƙashi ya turo mana mutum na wata uku, Talata da Alhamis, sannan in rubuta rahoto. In ya samu sauƙi, a sallame shi ya ci gaba da motsa jiki a gida. In bai samu ba, a tura shi nesa a yanke kan ƙashin a sa na ƙarfe. A lokacin aiki ne mai haɗari ga tsoho, kuma wanda aka yi wa, ya yi bankwana da zaman tabarma.

Wata biyun farko sauƙi ya samu sosai. Shi ke riga kowa zuwa, shi ne na ƙarshen tafiya, yana ba ni labarin hanyoyin da ya bi da mota. Ni ma baƙo ne a garin, ba ni da kowa, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ɗokin ranakunsa.

Da wata na uku ya kama, sai ɗingishi ya dawo fiye da na da. Ko taɓa ƙafar na yi sai ya yi salati. Hankalina ya tashi, har na fara rubuta cewa gashi ya gaza.

Ana gobe zan miƙa rahoto, na bi ta Badarawa a kan keke bayan la'asar. Sai ga Baba ya fito daga masallaci, sandarsa a hammata, yana tafiya garau, ba ɗingishi.

Washegari da ya zo, na rufe ƙofa na ce, "Baba, jiya na gan ka."

Ya ce, "Ashe ka gani."

"Ka san in na rubuta ba sauƙi, wuƙa za a sa maka?"

"Na sani, Malam. To in ka rubuta na warke, ranar Talata ina za ni? Tun da tsohuwar nan ta tafi, ba mai ce mani ina kwana ya tsaya jin amsa sai kai."

Tausayi ya kama ni, amma ba zan bari a yanka mutum don hira ba. Na rubuta gaskiya. Likita ya duba ya ce, "Madalla, aikinka ya yi kyau." Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe," zuciyata ba daɗi.

Na yi wa Baba alkawarin zan riƙa leƙa shi. Na je sau biyu, aiki ya sha kaina. Da na koma bayan salla, maƙwabcinsa ya ce ya tattara kayansa ya bar unguwar, bai faɗa wa kowa inda za shi ba.

Shekara talatin na yi ina wannan aiki, ana yaba mini hannu. Amma tun daga kansa, ba na sa hannu a takardar sallama sai na tambayi mutum wa ke jiran sa a gida. Ƙugu dai mun iya gyaransa. In mutum ya ce ba kowa, nan ne har yau ban san abin da zan rubuta ba.