Rigar da Tela Ya Yanka a Layin Siminti

A layin manyan motocin da ke jiran lodi a ƙofar kamfanin siminti, babu wanda ya san shi da wani suna sai Tela. Ya ajiye almakashi ya kama sitiyari, amma sunan ya bi shi ya maƙale kamar ƙaya a gefen wando.

Ƙuruciyarsa duk ta ƙare ne a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, inda in ya miƙa hannun hagu ya taɓa bango, in ya miƙa na dama ya taɓa dutsen guga. Da kayan gwanjo suka cika kasuwa, sai ɗinki ya koma faci da rage ƙugun wando. Duk sanda tirela ta wuce, shagon ya ɗauki rawa, shi kuma ya bi ta da ido har ta sha kwana. Furfura ta fara fito masa a gemu sa'ad da ya koyi mota, ya yi lasin, ya bar wa ƙanin matarsa shagon da keken ɗinkin.

Abin da ba a gaya masa ba shi ne, rabin aikin nan jira ne. Motoci kan jeru hanci da gindi, katanga a hagu, kwata a dama, wanda ya shiga tsakiya ba shi da mafita. In layi ya motsa direba ba ya nan, masu gadi su mayar da shi can ƙarshe, mai mota kuma ya aiko a karɓi makulli. Wannan karon injin lodi ne ya lalace, kullum sai a ce gobe. In Tela ya hau saman motarsa yana hango tankin ruwan unguwarsu, amma ba shi da ikon zuwa.

Ga shi kuwa akwai alkawari a wuyansa. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, za ta shiga sakandare ranar Litinin, kuma tun tana zanin goyo har ya bar shago ba ta taɓa sa ɗinkin wani ba. Ta ce ita kayan makarantarta Baba ne zai ɗinka, ko na kawunta ba ta so. Tela ya sayi yadin, ya sa a bayan kujera da niyyar in ya sauka gida ya hau keken ƙanin matar tasa ya gama. Da ya ga kwanaki na tafiya layi bai motsa ba, sai ya shimfiɗa yadin a kan ɗan gadon da ke cikin mota, ya zana da guntun sabulu, ya sa almakashi. Bai nemi awo ba. Awon Auta yana kansa, kafaɗa, hannu, tsawo, kamar yadda ya san lambar motarsa.

Direban da ke gabansa, wani tsoho da ake kira Sarkin Barci, ya leƙo ta taga ya same shi da allura a baki.

"Kai Tela, an gudu ba a tsira ba! Shago ka buɗe mana?"

"Na yarinyata ne, Baba."

"To in ka gama ga tamfal ɗina ya yage. Kuɗin ɗinki kuwa, zan biya ka da shawara."

"Ba ni shawarar tukuna, in ga ko ta kai."

"Ka makara, ai ka riga ka shigo. Tsalle ɗaya ake faɗawa rijiya."

Tela ya yi dariya, ya ci gaba. Ɗinkin hannu ne, ƙanana a jere, wanda bai sani ba sai ya rantse keke ne. Bayansa na ciwo, gwiwarsa na dukan sitiyari, amma rabon da ya ji daɗin zama haka har ya manta.

Ranar Asabar da hantsi matarsa ta zo da Auta, sun kawo masa abinci da wankakkun kaya. Ya hango su suna ratsowa tsakanin tayoyi, ya ga matar da wata budurwa a gefenta, har ya fara neman Auta a bayansu. Sai budurwar ta ɗaga hannu ta ce, "Baba!"

Ya sauko da rigar a kafaɗa, ya miƙa mata. Ta ɗora a kan kayan jikinta tana murna. Kai ya shiga. Kafaɗa ta ƙi. Da ƙyar ta tura hannu ɗaya, hannun rigar ya tsaya can sama da wuyan hannunta, hammata ta ce ƙiiit.

"Ta yi, Baba," in ji Auta, tana ƙoƙarin sauke hannu. "In na riƙe numfashi ta yi."

"Maigida, da wane awon ka yanka?" matar ta tambaya a hankali.

"Da nata mana."

"Na yaushe? Ai tun kafin ka fara mota ka auna ta. Kai kullum in ka dawo kwana ɗaya ne, shi ma a barci yake ƙarewa."

Tela ya juya gefen rigar a jikinta, ya duba ciki. Tsohon tela kan bar rara a kalmasa saboda yaro mai girma ne, shi ma ya bari, amma rarar yatsa biyu ba ta isa ba. Yadin da ya rage kuwa bai wuce na aljihu ba.

Sarkin Barci da ke gefe yana kallo, wanda bakinsa ba ya shiru, wannan karon ya koma cikin motarsa ya ja ƙofa.

"Akwai irin yadin a kasuwa," in ji matar. "In ka zo yau ko gobe..."

Tela ya dubi layin. Gaba mota, baya mota. Ko an fara lodi yanzu, kayan na wani gari ne mai nisa, ba zai ga gida ba sai Litinin ta wuce. Ya tuna shagon, ya tuna ba nasa ba ne kuma, ya tuna cewa daga wannan kujerar ake cin abinci a gidansa.

"Auta, miƙe tsaye. Buɗe hannu."

Ya ciro zare, ya auna kafaɗarta ya ƙulla, ya auna hannu ya ƙulla, ya auna tsawo. Yarinyar ta kusa kamo shi. Ya naɗe zaren ya sa wa matarsa a tafin hannu.

"Ki kai wa ƙaninki. Ki ce ya bar rara sosai, kada ya yi mata rowar yadi."

"Ni fa na ce naka nake so," in ji Auta.

"Awon nawa ne. Shi keke kawai zai taka."

Ta cire rigar da ƙyar, ta ninke ta, ta rungume a ƙirji, ta ƙi ba shi. Ya raka su har inda motarsa ta ƙare, nan ya tsaya, don mai gadi ya fara zagayen duba direbobi. Suka bi ta tsakanin tayoyi, uwar a gaba, har wata tirela ta tare su daga idonsa.

Da la'asar wani mai facin taya, wanda shi ma gemunsa ya fara fari, ya zo ya jingina da ƙofar motar.

"Tela, ni ma fa ina son in koyi babbar mota. Kai da ka shigo da girmanka, tsakaninka da Allah, akwai riba?"

Tela ya dubi bayan motar Sarkin Barci.

"Ana ci, ana sha," ya ce. "Yaranka sun girma?"

"Da saura."

"To je ka gida tukuna. Layin nan ba inda za shi."