In Akwai a Yi da Shi

Shekarar da na gina wa wata ƙungiyar manoma shafin intanet ban ga ta zama ba. Yau Tsafe, gobe Bungudu, gidana na Damba kuwa ya zama masauki.

Abin da ya fi ba ni ciwon kai wani ɗan umarni ne da na rubuta da hannuna, na liƙa wa maɓallin rajista. Aikinsa, da an shigar da sunan manomi, ya nemi sashen da ke tura saƙon waya a sanar da mutumin. A ofishin Gusau akwai sashen, a Tsafe ba a saka ba. Umarnin kuwa ga taurin kai: in ya duba bai ga abokin aikinsa ba, sai ya kifar da shafin gaba ɗaya. Allo ya yi fari fat, manoman ƙauyen Kucheri na tsaye a rana.

Maganin bai wuce layi biyu ba. Na rubuta masa cewa abokin nan ba dole ba ne: in akwai a yi da shi, in babu a wuce ba ƙorafi. Shafi ya tashi garau. Daɗi ya kwashe ni har na yi wa matata lacca tana tsintar shinkafa, na ce tsari nagari ba ya rushewa don wani bai zo ba.

Ta ce, "Allah shi ƙara basira."

Ranar saukar Alƙur'anin 'yarmu ina Bungudu, ina gyaran abin da zai iya jiran gobe, alhali na yi mata alkawarin zan tsaya kusa da ita in za ta yi karatu. Na iso makarantar a Tudun Wada bayan la'asar, na tarar ana naɗe tabarmi. Ƙanen matata ne ya tsaya a madadina.

Na shirya wa faɗa, har ma ina son a yi. Babu wanda ya ɗaga murya. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni, ta koma cikin ƙawayenta.

Na tambayi uwarta, "Me ya hana ku kira ni?"

"Ai tsarinka munka bi, Malam. Komi ya tahi daidai."

Ta miƙo mini waina a leda. Na karɓa raina a jagule, ina kewar farin allon nan na Tsafe. Shi dai umarnin nan, da ya duba bai ga abokinsa ba, ƙin tafiya ya yi.